Shaiɗan da zaɓin ɗan Adam a littattafan Kirista

Idan asirin mutum ya tonu, sau da yawa sai ka ji ya ce sharrin Shaiɗan ne. Manyan marubutan Kirista sun daɗe suna ƙin karɓar wannan uzuri. Sun yarda akwai Shaiɗan da rundunarsa, waɗanda a koyarwarsu mala'iku ne da Allah ya halitta nagari, suka bijire don ganin damarsu. Sai dai ikonsu bai wuce raɗa da ƙawata mugun abu ba. Amincewa kuwa ta mutum ce.

Tushen maganar yana cikin Littafi Mai Tsarki. Kafin Shaiɗan ya taɓa Ayuba sai da aka ba shi izini, aka kuma gindaya masa iyaka. Linjilar Matiyu da ta Luka sun nuna Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji, aka gwada shi sau uku, bai miƙa wuya ba.

Waɗanda suka fi zurfafa bincike su ne masu ibada da suka keɓe kansu a hamadar Masar. Ɗaya daga cikinsu, Ibagiriyus, wanda ya rasu a shekarar 399, ya lissafa miyagun tunani guda 8, ciki har da haɗama, fushi, kasala da girman kai. Bayaninsa kan kasala, wadda ya kira aljanin tsakar rana, abin a tsaya a kai ne. Mai ibada na zaune a ɗakinsa, sai ya ga kamar rana ta ƙi motsi, ya riƙa leƙen taga ko wani zai zo, ya tsani wurin, ya tsani aikin hannunsa, har ya fara tunanin tattara nasa ya nasa ya gudu. Ibagiriyus ya koyar da cewa zuwan irin wannan tunani ba ya hannun mutum, amma barinsa ya samu wurin zama yana hannunsa. A ganina babu wanda ya fi shi fayyace lamarin.

Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen wani, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu. Bai ɗora wa aljani laifin ba, kansa ya tuhuma. Amma ya dage cewa zunubi ya raunana nufin ɗan Adam, ba zai iya miƙewa ba sai da alherin Allah. Wani malami mai suna Pelajiyus ya saɓa masa, ya ce mutum na da ƙarfin zaɓar nagarta, taron bishop-bishop a Kartej kuma ya yi watsi da ra'ayinsa a 418. Gardamar ta sake tashi tsakanin masana biyu, Irasmus da Martin Luta, a 1524 da 1525, har yau ɗarikun Kirista ba su zama baki ɗaya a kai ba.

A 1942 marubucin Birtaniya C. S. Lewis ya fitar da The Screwtape Letters, wasiƙu 31 daga wani tsohon aljani zuwa ga ƙaramin da yake koya wa aiki. Babu tsafi ko firgitarwa a ciki. Dabarun ƙanana ne: a sa saurayin da ƙaramin aljanin ke jarabta ya riƙa jin haushin muryar mahaifiyarsa, a coci kuma hankalinsa ya koma kan ƙarar takalmin na kusa da shi. Daga ƙarshe saurayin ya mutu a harin bam na Yaƙin Duniya na Biyu yana riƙe da bangaskiyarsa, aljanin ya tashi a tutar babu.