Yadda Sankara Ke Farawa, da Abin da Ya Haɗa Ta da Rumbun Gyaɗa

Idan kaka ta yi a Kademi da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, kowane magidanci yakan sa ido kan rumbunsa, kada gara ko ɓera su yi masa ɓarna. Amma akwai wani maɓarnaci wanda ba a cika kula da shi ba, wato fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. Wannan fumfuna tana da hannu cikin sankarar hanta, ɗaya daga cikin cututtukan daji da suka fi kashe magidanta a Afirka ta Yamma. Domin mu gane yadda haka ke faruwa, sai mu fara leƙa cikin jikin mutum.

Jikinmu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da masana ke kira DNA. Shi ne littafin umarni wanda ke faɗa wa ƙwayar aikinta, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta daina. A shekarar 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, bisa ga hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka. Haruffan littafin huɗu ne kaɗai, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai wajen biliyan 3.

Ƙwayoyin jiki suna tsufa suna mutuwa, dole a sami sababbi. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta kwafe littafin nan dukansa, domin kowace ta tafi da nata. Wanda ya taɓa kwafar dogon rubutu da hannu ya san kuskure ba ya rasuwa. Jiki kuwa yana da masu duba aikin su gyara, har a shekarar 2015 aka ba masana uku lambar Nobel saboda gano yadda gyaran ke tafiya. Duk da haka, kurakurai kamar uku sukan kuɓuce a kowace rabuwa. Yawancinsu ba su yin kome. Amma idan kuskure ya faɗa kan sashen da ke hana ƙwaya yawan hayayyafa, wasu kuma suka taru a kansa cikin shekaru, sai ƙwayar ta daina jin umarni, ta yi ta haihuwa har ta zama ƙari. Mafarin sankara ke nan.

A shekarar 2017 Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka ƙiyasta cewa wajen kashi biyu cikin uku na kurakuran da ke cikin cututtukan daji daga kwafar nan kawai suke fitowa. Saboda haka kada a ce da mai wannan ciwo sammu aka yi masa, ko kuwa alhaki ne ya kama shi. Kada kuma a zargi maƙwabci ko dangin miji. Ciwon yana iya samun mutumin kirki wanda ya kula da jikinsa sarai.

To, amma akwai abubuwan da ke ƙara yawan kurakuran, kuma biyu daga cikinsu suna hannunmu. Na fari shi ne dafin fumfuna, wanda ake kira aflatoksin. An gano shi ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960, saboda an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Idan dafin ya isa hanta, yakan manne wa harafin G. Sa'ad da ƙwayar ta zo kwafa, sai ta kasa karanta harafin daidai, a ƙarshe T ya maye gurbin G. A shekarar 1991 masana suka iske wannan kuskure a wuri ɗaya tak, cikin sashen da ake kira p53 mai tsaron ƙwaya, a hantar majiyyata daga ƙasar Sin da kudancin Afirka, inda ake cin hatsi mai fumfuna.

Na biyu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Nijeriya. Yaro yakan ɗauke shi daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska da reza da allurar da ba a tsabtace ba. Yakan zauna shekaru shiru yana kashe ƙwayoyin hanta, hanta kuwa tana ta yin sababbi. Yawan kwafa, yawan kuskure. Wanda ke da wannan ciwo, yana kuma cin gyaɗa mai dafi, hatsarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa.

Me iyali za su yi? Ga abin da aka gwada. A ƙauyuka 20 na yankin Kindiya a ƙasar Gini, an koya wa manoman rabin ƙauyukan su tsince gyaɗa da hannu, su shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙayau, su zuba ta cikin buhunan algarara, su ɗora buhunan bisa katako. Rahoton da ya fito a 2005 ya nuna cewa bayan wata biyar, dafin da ke cikin jininsu bai kai rabin na sauran ƙauyukan ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin manomin Kademi. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta haɗa, ana watsa shi a gona kafin amfanin ya yi fure.

Uwargida, gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yamushe, ko take da ɗaci, a zubar da ita. Kada a ce bari a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita, gama suya da dafuwa ba su kashe dafin. Kada kuma a ba shanu da awaki, domin yana fitowa cikin nono.

Game da ciwon hanta kuwa, Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin allurar yara tun 2004, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ana so jariri ya sami ta fari cikin awa 24 da haihuwa, sa'an nan a mako na 6 da na 10 da na 14. Taiwan ta fara wannan rigakafi a 1984, sankarar hanta kuwa ta ragu ƙwarai a cikin 'ya'yanta. Maigida, kada a jira ranar suna kafin a kai jariri asibiti. Manya kuma su je a gwada jininsu. Wanda ya ji ƙari a gefen dama na ciki, ko idonsa ya yi rawaya, ko yana ramewa ba dalili, ya hanzarta zuwa asibitin Gaya, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tun ciwon bai yi nisa ba.