Sirrin Majiyyaci a Kunnen Na'ura

Sau da yawa kunya kan hana majiyyaci fayyace wa likita ciwonsa. A 2014 masana a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka suka sa mutum-mutumin kwamfuta ya yi hira da jama'a. Waɗanda suka ɗauka babu ɗan Adam a bayansa sun fi sakin baki. Wannan zai taimaka wajen gano cuta. Sai dai na'ura tana adana murya da hoto, ba ta mantuwa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba bayanan lafiya kariya ta musamman. Saboda haka, ranar da irin wannan na'ura ta iso asibitin koyarwa na Shika, mai karatu ya fara tambaya: bayan ita, wa kuma zai ji?