Mai Ciwon Ƙoda a Gida: Me Za Mu Sa a Tukunya?

A gidaje da yawa, idan likita ya ce baba ko kaka na da ciwon ƙoda, hidimar da ke biyo baya a kan yara take sauka. 'Yan mata ne a bakin murhu, samari ake aika cefane, ɗan sakandare kuma shi ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta. Shi ya sa muka kawo batun wannan shafi naku, domin a wannan ciwo abin da ke shiga tukunya na iya sauƙaƙa wa majinyaci, ko ya mayar da shi gadon asibiti.

Malamin kimiyya ya koya mana cewa ƙoda biyu ke jikin mutum, kowacce da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Kullum suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Idan suka yi rauni na wata uku ko fiye, shi ne ciwon ƙoda mai daɗewa, kuma hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi. Matakansa biyar ne. A na biyar ake kaiwa ga wankin ƙoda ko dashe, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. Mutanen Gashuwa a jihar Yobe, inda aka daɗe ana kuka da yawan masu wannan ciwo, sun san tsadar kaiwa wannan mataki.

Gishiri ne babban abin lura. Raunanniyar ƙoda ba ta iya fitar da shi, shi kuma yana riƙe ruwa, sai ƙafafu su kumbura, jini ya hau, numfashi ya yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Inda ake yawan yin kuskure shi ne a rage gishirin a ƙara dunƙule. Ai dunƙule irin su Maggi galibinsa gishiri ne, haka ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, haka yajin tsire da kilishi da kifin gwangwani. Kanwa ma, da muke jefawa a wake ko miyar kuɓewa, cike take da sodiyam, sinadarin da ake gudu a gishiri. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗebi miyar majinyaci kafin a sa wa ta gida ɗanɗano, a gyara tasa da albasa, tafarnuwa, citta da ɗan lemun tsami. Makon farko zai yi ƙorafi, amma harshe na sabawa.

Akwai kuma wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini. Kada ku saya wa mai ciwon ƙoda. An maye sodiyam ɗinsa da fotashiyam, wanda idan ya taru a jini yana rikita bugun zuciya, har ya tsayar da ita ba tare da wata alama ba. Abin takaici, fotashiyam ya fi yawa ne a kayan da muke kai wa mara lafiya dubiya: ayaba, lemun zaƙi, dabino, ruwan kwakwa. Yana kuma cikin tumatir, alayyafo, dankali da doya. Ba kowane majinyaci ake hana wa waɗannan ba, gwajin jini ne ke nunawa. Wanda aka ce nasa ya hau, a fere masa dankali ko doya, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Tuffa da abarba da kabeji sun fi masa sauƙi.

Maganar nama tana rikita mutane, don umarnin yana juyawa. Kafin a fara wankin ƙoda, likitoci kan taƙaita furotin zuwa kusan giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ku yi lissafin: mai kilo 60 zai samu giram 48 a rana, ƙwai ɗaya kuma yana da kusan giram 6. Amma da zarar an fara wankin, na'urar na janye furotin daga jini, sai a ɗaga adadin zuwa giram 1 ko 1.2. Iyalan da suka ci gaba da hana nama da ƙwai a wannan lokaci, da kyakkyawar niyya suke ramar da ɗan'uwansu.

Baƙin lemun kwalba kuwa a ajiye shi gefe. Sinadarin fosfet da ke cikinsa yana raunana ƙashi, ya sa ƙaiƙayin jiki. Madara da gyaɗa ma sai da awo.

Ruwa fa? Mun saba jin cewa shan ruwa da yawa na gyara ƙoda, kuma gaskiya ne mai lafiya kada ya zauna da ƙishi, musamman a zafin bazara. Amma wanda ake wa wankin ƙoda, fitsarinsa ya ragu, akan ƙayyade masa yawan fitsarin da ya yi jiya a ƙara rabin lita, wato ledar fiya wata guda. Koko, kunu, fura, shayi da romo duk cikin lissafin suke. Tsotson 'yar ƙanƙara na rage ƙishi. Idan azumi ya matso, a je wurin likita tukuna, a ji ko zai iya, da kuma dabino nawa zai ci a buɗa baki.

Ku sa ido kan abin da masu dubiya ke kawowa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙara lalata ƙodar da ta riga ta raunana. Ranar komawa asibiti, ku tafi da 'yar takarda da kuka rubuta abin da majinyacin ya ci da abin da ya sha na kwana uku, ku nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin, ya duba ta tare da sakamakon gwajin jini.