Gaya: arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa yana jiran masana

Duk wanda ya bi Dallol Foga da rani, wajen Bana, Bengu da Tunuga a cikin yankin Gaya, zai ga ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Gishiri ne. Mata su kan kankare wannan ƙasa, su zuba ta cikin kwanduna, su kwarara mata ruwa, sa'an nan su dafa abin da ya tsiyaye har ya daskare. Sana'ar ta daɗe ƙwarai, domin Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya ratsa kwarin a shekarar 1853 kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya tarar ana yin ta kuma ya bayyana ta.

Masu sana'ar sun san wurin da gishiri ke fitowa da lokacin fitarsa. Amma tambayar ko daga ina ya taso, da dalilin da ya sa rijiya guda ke ba da ruwa mai daɗi alhali wata kusa da ita ruwanta zartsi ne, wannan sai wanda ya yi zurfin karatu cikin ilmin sanin ƙasa da duwatsu, wato jiyoloji.

Ga abin da wannan ilmi ya bayyana. Dallol Foga da Dallol Mauri tsofaffin koguna ne da suka gudana a zamanin da ruwan sama ya fi na yanzu yawa, suna haɗuwa kafin su faɗa kogin Kwara. A cikinsu ruwan ƙasa yana kusa da sama, rana ta shanye shi, gishirin ya saura. Ƙarƙashinsu kuwa akwai shimfiɗu na yashi da laka, hawa-hawa, waɗanda suka taru cikin miliyoyin shekaru a wani babban kwari da masana ke kira Iwillimmedan. Wasu shimfiɗun suna riƙe da ruwa a matse, har in an haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda ake kira foraj, ruwan ya kan taso da kansa ba tare da famfo ba.

Wannan kwari bai san iyakar ƙasa ba. Ya taso daga Mali, ya mamaye yammacin Nijar, ya shiga Sakkwato da Kabi a Najeriya, ya taɓo arewacin Benin. Har ma ɗaya daga cikin shimfiɗun an raɗa mata sunan garin Illo, wanda ke can ƙetaren iyakar Najeriya, ba nisa da Gaya. Saboda haka manomin rake na Dallol Mauri da takwaransa na Kamba, daga tukunya ɗaya suke sha, kuma ƙasar da ba ta da masu auna ruwan nan ba ta da bakin magana ranar da aka zauna rabonsa.

A da, baƙi ne ke yin wannan aiki. Taswirar duwatsun Nijar da aka daɗe ana dogara da ita, Faransawa biyu ne, Greigert da Pougnet, suka tsara ta a cikin shekarun 1960. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, sai ƙarancin 'yan ƙasa masu wannan sani ya fito fili. A wannan shekara ce aka kafa cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Akwai sashen jiyoloji a tsangayarta ta kimiyya. Har ila yau, makarantar EMIG, mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ta buɗe ƙofofinta a Yamai a 1990.

Hanyar tana da tsawo. Bayan bakaloreya, ɗalibi zai yi shekara 3 kafin ya sami lisans, ya ƙara 2 na mastar, sa'an nan aƙalla 3 na digirin dokta. A matakin farko ya kan koyi sunayen duwatsu da karatun taswira, tare da lissafi da kimiyyar sinadarai. Daga mastar ne ya ke zaɓen fanni: ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko ma'adinai, ko man fetur. A nan karatu ke fita daga aji. Ɗalibi ya ɗauki guduma da kamfas, ya yi makonni a daji, ya auna zurfin rijiyoyi damina da rani, ya ɗebi ruwa cikin kwalabe ya kai ɗakin gwaje-gwaje, daga bisani ya rubuta kundi ya kare shi gaban malamai. Wannan mataki ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan ne 'ya'yan talakawa da yawa ke tsayawa.

Asarar tsayawarsu ba tasu ba ce su kaɗai. Foraj da aka haƙa ba tare da bincike ba ya kan faɗa kan ruwan zartsi, kuɗin gari ya salwanta, mata su koma tsohuwar rijiya. Ban ruwa da irin wannan ruwa ya kan kashe gona cikin 'yan shekaru. Bugu da ƙari, bututun man fetur da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya fara aiki a 2024, ta yankin Gaya ya ƙetare Kwara, kuma kula da ruwan da ke ƙarƙashinsa aikin masana ne.

Hausawa na cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ƙasar Dandi ta ba da nata. Ya rage ga iyaye su bar yara, maza da mata, su bi fannin kimiyya tun daga lise, ga hukuma da attajiran Gaya kuma su ɗauki nauyin binciken masu mastar da dokta, domin a sami ɗan gari da zai faɗa wa mai haƙa inda zai haƙa da zurfin da zai tsaya.