Ɗaliban Likita A Amurka Sun Ƙirga Awoyin Karatu, Sun Tarar Da Giɓi

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, amma a asibitocin Amurka an daɗe ana samun majiyyatan da kan ɓoye wa likita abin da ya kamata ya fara ji, saboda tsoron wulakanci. Waɗannan kuwa su ne maza masu neman maza, da mata masu neman mata, da waɗanda suka sauya jinsi. Waɗanda suka tashi tsaye don gyara wannan al'amari, cikinsu har da ɗalibai masu koyon aikin likita, waɗanda ko takardar shaida ba su kai ga karɓa ba.

Tsoron nan yana da asali. Har zuwa 1973 Ƙungiyar Likitocin Taɓin Hankali ta Amurka tana lissafa neman jinsi ɗaya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. A taronta na 1972 a birnin Dallas, sai da wani likita, Dokta John Fryer, ya rufe fuskarsa, ya kuma sauya muryarsa, kafin ya iya faɗa wa 'yan'uwansa likitoci cewa shi ma yana cikin mutanen da ake magana a kansu, don gudun kada ya rasa aikinsa. Cikin Disamba 1973 ƙungiyar ta soke wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta bi sahu ba sai ran 17 ga Mayu, 1990.

An gyara littafi, amma aji bai canja ba. Ganin haka ne ya sa wasu ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Jihar Kalifoniya, cikinsu har da Juno Obedin-Maliver da Mitchell Lunn, suka kafa ƙungiyar bincike. Maimakon su tsaya ga koke-koke, sai suka aika wa shugabannin makarantun likita 176 na Amurka da Kanada tambayoyi, suna neman sanin awa nawa ake warewa don koyar da lafiyar waɗannan mutane. Makarantu 132 suka amsa tambayoyin dukka.

Da aka buga sakamakon cikin mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a watan Satumba 2011, sai ta bayyana matsakaicin lokacin bai wuce awa 5 ba, tun daga shigar ɗalibi har fitarsa. Makarantu 44, watau ɗaya bisa uku, ko awa guda ba su ba darasin ba a shekarun da ɗalibi yake zagaya gadajen marasa lafiya, alhali kuwa nan ne ake koyon magana da majiyyaci.

Hujjar ɗaliban ta aiki ce. Likitan da bai san yadda zai yi tambaya cikin mutunci ba, ba zai ji gaskiya ba, wanda bai ji gaskiya ba kuwa maganin lalube zai bayar. Namijin da ya ɓoye halinsa kan rasa gwajin ƙanjamau a kan kari, da rigakafin ciwon hanta. Mace mai neman mata takan yi zaton ba ta bukatar gwajin sankarar bakin mahaifa, alhali ita ma tana iya kamuwa. Matashin da iyaye suka kora kuwa, baƙin ciki na iya kai shi ga halaka kansa in ba a lura da wuri ba.

Ƙirgar ta yi tasiri. Cikin 2014 Ƙungiyar Makarantun Likita ta Amurka ta fitar da jagora kan abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani game da waɗannan majiyyata, Jami'ar Louisville ta Jihar Kentucky kuma ta shiga gwada shi a azuzuwanta. Da aka sake irin wannan ƙirga cikin 2022, matsakaicin lokacin ya kai awa 11. Su kuwa ɗaliban nan biyu, bayan sun zama likitoci, sun buɗe wani dogon bincike cikin 2015 don bin diddigin lafiyar dubban irin waɗannan mutane shekara da shekaru.

Duk da haka ba a rufe babin ba, domin Amurkawa kansu sun rabu a kan batun, musamman abin da ya shafi sauya jinsin yara. Cikin 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta soke kuɗin tallafin bincike da dama a wannan fanni.

Abin da masu wannan fafutuka suke kafa hujja da shi dai shi ne rantsuwar likitoci ta Janeba, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta tsara cikin 1948, aka kuma yi ta yi mata gyara. Rantsuwar ta hana likita barin addini, ko ƙabila, ko siyasa, ko wanda mutum yake nema, su shiga tsakaninsa da mara lafiya. A ganinsu likita yana iya riƙe ra'ayinsa a zuci, amma wanda ya kwanta a gadon asibiti haƙƙinsa ne a duba shi da ilimi, a kuma rufa masa asiri.