Awo, Guntu da Ciko: Wace Manhaja Ta Dace da Shagon Yankan Dutse a Kabi?

Shekara biyu da suka wuce na ba da aikin kantar kicin a wani shagon yankan dutse a Birnin Kebbi. Yaron shago ya zo gida da tef, ya auna, ya rubuta a bayan takardar buhun siminti, ya ninke ya sa aljihu. Bayan kwana tara aka sauke fallen giranet baƙi mai sheƙi, ƙarti huɗu suka kinkimo shi suna nishi. Da aka ɗora shi sai ga giɓi tsakaninsa da bango, har yaro ƙarami zai iya tsayawa a ciki. Tsawon wurin santimita 240 ne, amma 204 ne ya isa hannun mai yanka. Maigidan shagon ya daɗe yana kallon giɓin, ya cire hula ya mayar, sannan ya ce, "Alhaji, laifinmu ne. A ba ni mako biyu." Ya kuwa cika alkawari, asarar kuma ta hau kansa.

Ban ga ƙarancin gwaninta a aikin nan ba. Bakin dutsen ya sha guga sumul, ramin sinki ya fita daidai. Lamba ce kawai ta ɓata a hanya, tsakanin tef da injin yanka. Tela in ya rage yadi yana iya yin ƙari, kafinta ya haɗa katako da ƙusa, amma dutse in ya gaza ya gaza ke nan. Ga shi kuma ba a bayan gari ake samo shi ba. Birnin Kebbi da Argungu suna zaune ne kan laka da yashi da marmarar kwarin Rima. Fallayen giranet da mabul daga nesa suke zuwa, daga kasuwar Dei-Dei ta Abuja, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Legas, da yawansu ma sun ƙetaro teku daga Indiya ko Sin. Murabba'in mita ɗaya na giranet mai kaurin santimita 2 ya kai kilo 54. Duk kuskuren awo, to, kuɗin dutse ne da kuɗin mota da makonnin jira.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka fara tambayar abin da za su riƙa tsare bayanan aikinsu da shi, ban da ƙwaƙwalwa da takardar siminti. Hanya biyu ce a gabansu. Ta farko ita ce manhajar da aka ƙera musamman don masu yankan dutse, irin su CounterGo da Systemize na kamfanin Moraware, ko Slabsmith, dukkansu daga Amurka. Ta biyu ita ce haɗa kayan da ke cikin kowace waya: jadawalin Excel ko Google Sheets, da WhatsApp Business don hotuna da magana da masu ba da aiki. Kuɗin mai wannan sana'a ta ƙofa uku yake zurarewa, wato awo da guntaye da ciko, don haka a kan su ya kamata a ɗora sikeli.

A wajen awo, manhajar musamman ta yi gaba nesa. A CounterGo zana kantar ake yi, a sa tsawo da faɗi, a nuna ramin sinki da irin bakin da ake so, farashi ya fito nan take. Wanda ya rubuta 204 a madadin 240 zai ga zanen bai yi kama da ɗakin da ya auna ba. Jadawalin Excel kuwa ba shi da ido: lambar da aka ba shi ita zai ninka da farashin mita, ko daidai ce ko kuskure. Sai dai akwai dabarar da ke rage wannan rauni. Mai awo ya ɗauki hoton tef a shimfiɗe a kan ginin kantar, lambar tana fitowa ɓaro-ɓaro, ya tura wa maigida da mai aiki kafin ya bar gidan. Gani ya kori ji. Wannan bai kai zane ba, amma da an yi shi a gidana, da falle guda bai salwanta ba.

Batun guntaye ya fi ɓoyuwa. Duk wanda ya leƙa bayan irin waɗannan shaguna zai ga tarin guntayen dutse jingine da bango, ƙura ta rufe su, ba wanda ya san girman ko ɗaya. Kowanne kuɗi ne a kwance: wani zai yi dokin ƙofa, wani bakin taga, wani ƙaramin tebur. Slabsmith yana ɗaukar hoton kowane falle da ainihin girmansa, a jera sassan aikin a kan hoton kafin a yanka, har jijiyoyin mabul su haɗu a wurin haɗi, ragowar kuma ta shiga lissafi. Aiki ne mai ban sha'awa, amma yana tafiya ne da wurin ɗaukar hoto na musamman da injinan da kwamfuta ke tuƙawa. Shagon da ke yanka da injin hannu da robar ruwa ba zai ci moriyar rabinsa ba. Abin da zai iya yi yau shi ne ya rubuta lamba da fenti a jikin kowane guntu, ya auna shi, ya ɗauki hotonsa, ya ba shi layi ɗaya a jadawali. A nan hanya ta biyu ta kusa kamo ta farko, in dai an samu wanda zai riƙa yi kullum.

Sai ciko, wanda ya fi komai ɓata zumunci. Mai aiki ya ba da kafin alƙalami da tsabar kuɗi, ya ƙara wani abu ta taransifa, ƙaninsa ya biya wani a POS, ranar kafawa kuma a tsaya ana "ai na ba yaronka". Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, don haka ba manhaja ce ta koya mana wannan ba. Hanyoyin biyu duk suna iya riƙe lissafin. Amma manhajar waje an gina ta ne a kan tsarin biyan kuɗin ƙasarsu, ba ta san alat ɗin Moniepoint ko OPay ba, sai an shigar da hannu. Tunda dai da hannu za a shigar, jadawali mai gurbin jimla da na abin da aka biya da na saura ya wadatar, a tura wa mai aiki hoton rasit duk lokacin da ya biya wani abu.

Akwai wurin da manhajar musamman ta sake yin fice, wato tsara ranaku. Systemize kalanda ce da ke nuna ranar awo da ranar yanka da ranar kafawa na kowane aiki, kowa a shago yana gani. Amfanin wannan yana bayyana ne idan aiki ya fita gari. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowane sawu yana da nauyi a aljihu. A isa Argungu a tarar kafinta bai gama ba, ko an manta gam, ko an yi wa mutum biyu alkawarin rana ɗaya, ribar aikin ta tafi a hanya. Jadawali ma zai iya ɗaukar ranaku, amma ba ya tunatarwa, wani kuma yana iya goge layi bisa kuskure.

Da a nan zance ya tsaya, da na ce kowa ya sayi ta musamman. Amma akwai kuɗi. Manhajoji irin na Moraware haya ake biya duk wata, da dala. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗaura lissafin shagonsa a kan dala ya ga hayarsa ta ninka sau uku, alhali ko falle ɗaya bai ƙaru a cinikinsa ba. Ga shi aikin gini a nan yana da lokacinsa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, kuɗin shinkafa ya ƙara zama jijiyar kasuwar yankin. In an yi girbi an sayar, masu gini sukan motsa. In kuɗi ya koma fadama, shago ya yi tsit. Hayar manhaja ba ta san wannan ba, wata ya ƙare sai a biya.

Sannan akwai wuta da intanet. Manhajojin Moraware a intanet suke zaune, in data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, ƙofarsu ta rufe. Jadawali kuwa ana iya buɗe shi a waya ba intanet, ya daidaita kansa daga baya. Akwai kuma tambayar da ta fi duka: wa zai cika? Yaron da hannunsa ke jiƙe da ruwan dutse, wanda karatunsa na allo ya fi na boko ƙarfi, ba zai bi shafuka goma na Turanci ba. Amma zai aika saƙon murya, zai ɗauki hoto, zai cika gurbi shida da maigida ya sa wa suna da Hausa: suna, unguwa, awo, dutse, an biya, saura. Manhajar da ba a cika ba, komai kyanta, ba ta fi takardar siminti ba.

Kada kuma a ɗauka hanya ta biyu ba ta da haɗari. Babban haɗarin shi ne bayanan shago su tare a wayar yaro ɗaya. Ranar da ya samu 'yanci ya buɗe nasa, ko wayar ta faɗa ruwa, shekarun aiki sun tafi. Dole asusun ya zama da sunan shago, maigida ya riƙe kalmar sirri, a kuma riƙa buga jadawalin a takarda duk ƙarshen wata a adana.

Ni dai, ga shagon da ke da yara biyar ko shida da injin hannu, wanda ayyukansa na wata maigida zai iya lissafa su da ka, hanya ta biyu na zaɓa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Amma a ɗauko darasi ɗaya daga ta farko, wanda shi ne ƙashin bayanta: kowane aiki a ba shi lamba guda tun ranar awo, lambar ta bi shi a hoto, a jadawali, a rasit, har a bayan fallen da aka yanka. Idan shago ya kai ga motoci biyu suna fita kafawa rana ɗaya, ko ya karɓi kwangilar rukunin gidaje, ko ya sayi injin da kwamfuta ke tuƙawa, to lokacin manhajar musamman ya yi, kuma wanda ya saba da tsari ba zai sha wuyar ƙaura ba.

Kwanakin baya na bi ta shagon nan. Fallen nawa mai santimita 204 yana nan jingine da bango, amma yanzu an rubuta masa lamba da jan fenti, haka ma guntayen da ke gefensa. Maigidan ya nuna mini wayarsa, ya ce wani mai shayi ya riga ya ba da kafin alƙalami a kansa, zai yi tebur da shi. Na tambaye shi awon teburin. Bai amsa da ka ba, sai da ya buɗe jadawali ya duba.