Babur Ya Zama Dokin Limaman Katolika A Ƙasar Gombe

Duk wanda ya san garin Gombe ya san babur ne ƙafar talaka. Shi ke kai ɗan kasuwa Tudun Hatsi, shi ke kai mai ciki asibiti, shi kuma ke ɗauko buhun masara daga gona. Amma akwai wani aiki da wannan abin hawa yake yi wanda ba kowa ya lura da shi ba, watau ɗaukar limaman ɗariƙar Katolika da mataimakansu zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da kyar.

Dalilin haka kuwa a fili yake. Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro ran 1 ga watan Oktoba 1996, tana ƙarƙashin Dayosis na Bauchi ne a tsarin mulkin Katolika. An yanko wannan yanki daga Jos a cikin shekarar 1996, ya zama cikakken dayosis a 2003, kuma Bishop John Moore, mutumin Ailan, shi ya fara riƙe shi. Bayansa aka yi Bishop Malachy Goltok, sa'an nan aka naɗa Bishop Hilary Dachelem a 2017. To, ƙasar da ke hannun bishop ɗaya ta haɗa jihohin Bauchi da Gombe gaba ɗaya, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 64,000, watau ta ninka ƙasar Beljiyam sau biyu har da ɗoriya. Daga Bauchi zuwa Gombe kaɗai tafiyar kimanin kilomita 150 ce.

Ga mai karatun da bai saba da tsarin ba, ga yadda abin yake. Limami, wanda jama'a ke kira Fada, yakan zauna a babbar majami'a, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙananan majami'u warwatse cikin ƙauyuka. Bisa ga ƙa'idarsu, Fada ne kaɗai ke iya jagorantar babbar ibadar da suke kira Mas, shi ke sauraron masu tuba, shi kuma ke shafa wa marar lafiya mai in ciwo ya tsananta. Ran da bai zo ba, sai malamin da ake kira katikis ya karanta wa jama'a Littafi, ya ja su addu'a, ya koyar da yara. Saboda haka in aka aiko cewa wani tsoho yana bakin mutuwa a bayan duwatsun Tula, ko can cikin ƙasar Waja, ba a tambayar ko Fada yana son zuwa. Abin tambaya shi ne, da me zai je? Kwaltar da ta tashi daga Gombe ta bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo zuwa Yola ba ta da laifi ga mai mota. Amma da an sauka daga kanta cikin watan Agusta, ga laka ga kwari ga rafi ya kawo, to, sai ɗan ƙaramin mashin irin na 'yan acaɓa, wanda mutum biyu za su iya ciccibarsa su ƙetare ruwa.

A ƙasashen Turai ma akwai zumunci mai tsawo tsakanin Katolika da babur, sai dai kamanninsa dabam ne ƙwarai. Can galibi abin hawan nishaɗi ne na masu hali. A garin Castellazzo Bormida na ƙasar Italiya, mahaya sun fara taruwa shekara-shekara tun 1946, kuma a 1947 Paparoma Pius na 12 ya ayyana Maryamu ta wannan majami'a a matsayin majiɓinciyar mahaya babur. A Faransa kuwa wani limami mai suna Louis Prévoteau ya kafa irin wannan taro a ƙauyen Porcaro a 1979, inda dubban mahaya kan hallara a tsakiyar watan Agusta a sa wa mashinansu albarka. A Amurka akwai ƙungiyar Knights on Bikes, ta mazajen Katolika masu hawa tare suna tara kuɗin taimako.

Abin da ya fi jan hankalin duniya shi ne na watan Yuni 2013, lokacin da kamfanin Harley-Davidson ya cika shekara 110, dubban mahaya suka cika birnin Rum da ƙugi, Paparoma Francis ya sa musu albarka. Babur ɗin da aka ba shi kyauta bai hau ba. An yi gwanjonsa a Paris a watan Fabrairu 2014, aka saye shi Yuro 241,500, aka ba da kuɗin don gyaran masaukin marasa galihu a Rum. Wannan kuɗi na mashin guda ɗaya tak, da a kasuwar Gombe aka zube shi, da ya sayi ɗaruruwan irin wanda katikis ke hawa.

To, ina mahaɗar waɗannan duniyoyi biyu? Labarin ya faro ne da mutuwa. A 1925 wani limami Bajamushe, Otto Fuhrmann, ya kamu da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. Kwana da kwanaki ana ɗauke da shi cikin daji kafin a kai asibiti, ya kuwa cika. Abokinsa Fada Paul Schulte, wanda ya koyi tuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Farko, ya ce wannan mutuwa ta rashin abin hawa ce. Sai ya kafa ƙungiyar MIVA a 1927, ba ta da wani aiki sai samar wa masu aikin mishan mota da babur da keke da jirgin ruwa. Reshenta na Ostiriya, wanda aka buɗe a 1949, yana da wata dabara mai ban sha'awa: kowane watan Yuli ana roƙon direbobi su ba da kashi ɗaya bisa goma na santi a kan kowace kilomita da suka yi ba tare da haɗari ba. A Ingila ma an kafa Survive-Miva a Libaful a 1974. Da irin wannan taro-sisi ne ake sayen ababan hawa a aika Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

Sai dai samun babur wani abu ne, riƙe shi kuma wani abu dabam. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Ƙaramar majami'ar ƙauye, wadda baikonta na Lahadi bai wuce 'yan canji da kwanon dawa ba, yanzu sai ta yi lissafi kafin ta gayyato Fada. Ga kuɗin taya, ga na bakanike, ga faci. Wannan kuka ba na Kirista kaɗai ba ne, don malamin da ke zagaya ƙauyuka da wa'azin Musulunci gidan mai ɗaya suke layi da katikis, bakanike ɗaya ke duba musu fulogi.

Har ila yau akwai batun tsaro. An hana hawa babur a Maiduguri a watan Yuli 2011, an kuma hana ɗaukar fasinja a kansa a Kano a watan Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Irin wannan doka don miyagu ake yinta, amma ba ta tantance mai ɗauke da bindiga da mai ɗauke da man shafa wa marar lafiya.

Saura kuma hular kwano, inda laifin namu ne. A Fatima ta ƙasar Fotugal, mahaya kan taru a watan Satumba su ɗaga hulunansu sama a sa musu albarka. A nan gida kuwa, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular tun ran 1 ga watan Janairu 2009, sai aka ga wasu mahaya sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya. Har yau ɗin nan, mutum zai tsaya a bakin hanyar Kumo ya ƙirga babura masu yawa kafin ya ga kai ɗaya a rufe.